ChatGPT ya ce in tara masara, Babanmu ya ce in dakata: ya ake haɗa maganar biyun?

Maikaji_MistaAli ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu kiwon kaji da kuma waɗanda suka san kan ƙirƙirarriyar basirar nan da ake yayi, don maganar tawa ta shafi ɓangarorin biyu, kuma lokaci yana ƙure mini.

Ina zaune a Rikkos cikin Jos, gonata tana Mista Ali kan hanyar Zariya. Kajin ƙwai 1,500 gare ni, kuma ni nake haɗa abincinsu da kaina. Kowace kaza tana cin kusan giram 115 a rana, wato buhu bakwai na kilo 25 ke tafiya kullum, kusan rabinsa kuma masara ce. Duk mai kiwo ya san abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin gona. Wanda ya sayi masara da sauƙi ya ci riba tun kaza ba ta yi ƙwai ba, wanda ya saye ta da tsada kuwa shekarar nan wahalar banza zai sha.

Yanzu sabuwar masara ta fara shigowa Jengre da Mangu da Saminaka. Abu biyu ke gabana: in tara masarar wata shida, in kuma cika ɗaya ɗakin da ke tsaye babu komai da ƙarin kaji 1,000. Kuɗin hannuna ba za su ɗauki duka biyun ba sai na ci bashi.

Na ɗauko littafin gona, na zuba wa ChatGPT komai: yawan ƙwan da nake kwasa, kuɗin waken suya da dusa da ƙashi, albashin yara, man janareta, riga-kafi. Gaskiya ya yi aiki. Ya lissafa mini cewa kajin da ke ƙasa kaɗai za su ci masara kusan buhu 155 na kilo 100 a wata shida, in an ƙara sababbin ya haura 200. Ya tuna mini cewa 'yan tsaki ba sa fara ƙwai sai sun kai mako 18 zuwa 20, don haka wata biyar zan yi ina ciyarwa babu abin da ke shigowa daga ɗakin. Har kuɗin kashin kaji da masu lambu ke saye da na tsofaffin kaji da ake sayarwa gab da Kirsimeti ya tambaye ni, ya sa a lissafi. A ƙarshe ya ce in saya in ajiye, domin masara tana sauka da kaka ta tashi da damina, kuma in ƙara kajin tunda mai gadi ɗaya ne, rijiyar burtsatse ɗaya ce, janareta ɗaya ne.

Na kai wa Babanmu maganar. Shi tun yana saurayi hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Katako, sai da ƙafa ta hana shi ya zauna gida. Ya saurare ni har na gama karanta masa, sannan ya ce: “Kada ka wuce masarar wata biyu. Ɗakin kuma ka bar shi a kulle tukuna.” Na tambayi dalili, ya ce kasuwar bana ba ta kwanta masa ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

To ga ni a tsakiya. Ɗaya ya ba ni shafi uku na hujja amma bai taɓa sa hannu cikin buhun masara ba. Ɗaya ya san kasuwa ciki da bai amma bai ba ni hujja ko ɗaya ba. Ba na son in raina maganar mahaifina, ba kuma na son in ga masara ta yi tashin gwauron zabi a watan Yuni ina sayen buhu ɗaiɗai kamar yadda aka yi mana a 2023. Masu amfani da abin nan wajen yanke shawarar kasuwanci, ya kuke yi? Ina ne iyakar na'ura, ina ne na mutum?

Hajiya_MaiƘwai ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ƙwai nake ɗauka daga gonakin Jos ina lodawa Bauchi da Gombe da Maiduguri, don haka a kan ƙarin kajin zan yi magana, masara a bar wa masu ita.

Kaji 1,000 in sun kama ƙwai sosai za su ba ka kiret 26 ko 27 kowace safiya. Tambayata ɗaya ce: wa zai ɗauka? Ba “kasuwa” nake nufi ba, sunan mutum nake so, da motarsa, da ranar da yake biya. In ka duba shafi ukun nan naka, na tabbata an ɗauka duk ƙwan da kaza ta yi an sayar da shi a ranar, kuɗi a hannu. Mu kuwa mun san ba haka abin yake ba. In makarantu suka yi hutu ƙwai yana yin kwantai. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mai shayi ba shi da tsabar da zai ba mu, masu cin Indomie da ƙwai ba su da tsabar da za su ba shi, ga kaji ba su san an canza kuɗi ba, kullum sai sun yi. Na ga ɗaki cike da kiret har rufi, mai gona yana roƙon a ɗauka bashi. A watan Agustan 2021 da aka sa dokar hana fita a Jos, mota ba ta fita, abinci ba ya shiga gona. Kuma ƙwan da zai jure a sanyin Jos, in ya sauka zafin Maiduguri kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ban ce na'urar ba ta da amfani ba. 'Yata tana yi mini lissafin masu bashi da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp, kuma ta rage mini ciwon kai. Ni dai ina ɗaukarta kamar yaron shago mai kaifin lissafi da bai taɓa fita karɓo bashi ba: zai gaya maka wane yana da dubu kaza a kansa, amma bai san cewa wanen in ka matsa masa gaban mutane ka rasa shi har abada ba, wani kuma in ba ka matsa ba ba zai taɓa biya ba.

Ka je wurin dillalanka uku ko huɗu, ka tambaye su ƙarin kiret nawa kowa zai iya ɗauka a mako, lokacin ciniki da lokacin kwantai. Abin da suka faɗa ka rage kashi ɗaya cikin uku, don kowa yana cika baki in ba a zo biya ba. Sannan ka kai wa ChatGPT ɗin wannan adadin ya sake lissafi.

Injiniya_Jabi ya rubuta:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa kiwon kaza ba. Aikina tattara alƙaluma da tantance su a wani kamfani nan Abuja, kuma kullum da irin waɗannan manhajoji nake wuni, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki.

ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fito da shi a Nuwamban 2022, an ciyar da shi tulin rubuce-rubuce ne har ya iya hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Da ya ce maka masara tana sauka da kaka ta tashi da damina, ba Mangu ya leƙa ba. Abin da aka fi rubutawa ya maimaita maka, kuma a yawancin shekaru gaskiya ne. Amma kai bana za ka saya, kuma bana tana iya fita daban. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Mutanen da suka cika sito da kakar 2024 suna jiran tsadar damina, da yawansu a 2025 ƙasa da yadda suka saya suka sayar. Ƙa'idar “saya da kaka” ba ta cece su ba, don sa hannun mutum ɗaya a Abuja ya fi ƙarfinta.

Abu na biyu, yana da son faranta wa mai tambaya. In ka shigo da zumuɗin ƙara kaji, zai nemo maka hujjar ƙarawa. A Afrilun 2025 kamfanin da kansa ya janye wani gyara da ya yi masa saboda ya cika daɗin baki. Yana kuma iya ƙirƙiro abin da babu ya faɗe shi da cikakken tabbaci: a 2023 kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 don sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago musu. Saboda haka duk farashin da ba kai ka ba shi ba, kada ka yarda da shi, lissafinsa ma ka bi da kalkuleta.

Ni yadda nake yi, kafin in buɗe shi sai na rubuta nawa ra'ayin a takarda da dalilaina, don in ya riga ni magana kaina yana bin sawunsa ban sani ba. Sannan ba na tambayarsa “me zan yi?” Ina sa shi aikin da ɗan Adam ke ƙyuyar yi. A naka, ka ce masa: in na saya a farashi kaza, na biya sito, na biya dako da maganin ƙwari, buhu ya rage nauyi in ya gama bushewa, nawa masara za ta kai a watan Mayu kafin in ce ajiyar ta biya ni? Wannan adadin shi ne zuciyar maganar. Ka sa ya yi maka lissafin in farashi ya tashi, in ya tsaya, in ya faɗi, ka ga a wanne gonar za ta durƙushe. Bayan nan ka buɗe sabon shafi, ka ce masa a ƙaddara shekara ta zagayo kuma shirin nan ya ruguje, ya kawo maka dalilai goma da suka sa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gary Klein, shi ya yaɗa wannan dabarar tun kafin zuwan waɗannan manhajoji, kuma na'urar ta ƙware a kanta don ba ta jin nauyin kowa.

Akan ba da misali da wasan dara na Turawa. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov. A 1998 shi da kansa ya fito da gasar da mutum ke wasa da kwamfuta a gefensa, a birnin Leon na Sifaniya. A wata gasar intanet ta 2005, wasu Amurkawa biyu da ba ƙwararru ba, da kwamfutoci uku na gida, suka doke manyan gwanaye masu nasu kwamfutocin, don sun fi su sanin lokacin da za a tambayi na'ura da lokacin da za a ƙi maganarta. Sai dai a dara komai yana kan allo kowa yana gani. A kasuwar masara rabin abin da ke motsa farashi ba a rubuta shi ko'ina ba, kuma wannan rabin yana wurin irin su Baba.

Abu_Ammar ya rubuta:

Ɗan'uwa, ka ce za ka ci bashi amma ba ka ce wane iri ba. In mai kuɗin ruwa ne, maganar ta ƙare tun kafin a zo lissafi, kuma na'urar ba za ta tsayar da kai ba sai in kai ka gaya mata iyakarka. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha: su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Ka bincika. Kuma ka yi istihara.

Maikaji_MistaAli ya rubuta:

Na gode muku duka. Malam Abu Ammar, bashin daga wani ɗan'uwa ne, babu ruwa a ciki, amma akwai zumunci a ciki, wanda ni a wurina ya fi nauyi. Hajiya, maganarki ta shige ni. Dillalai biyu ne ke kwashe mini kusan komai, kuma ɗaya yana riƙe da kuɗina tun Babbar Sallah.

Injiniya, na gwada abin da ka ce. Na buɗe sabon shafi, na shigo a matsayin wanda ke tsoron ajiya, da alƙaluman nan dai ban canza ko ɗaya ba. Wallahi sai ga shi ya jero mini hujjojin kada in ajiye, masu ƙarfi kamar na farko: fumfuna in masarar ba ta bushe ba, ƙwari, kuɗi su kwanta a sito ranar da cuta ta shigo ina neman na magani. Abin ya dame ni. In zai iya kare kowane ɓangare, to da me zan auna?

Dattijo_Kubwa ya rubuta:

Ɗana, abin da ya dame ka shi ne amfaninsa. Na yi aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata har na yi ritaya, kuma abin da muka fi rasa a ɗakin taro shi ne wanda zai tsaya ya kare ɓangaren da shugaba ba ya so. A Kuru, nan kusa da ku, tun 1979 ake tara manyan sojoji da manyan ma'aikata a Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa, su shafe watanni suna muhawara a kan zaɓi daban-daban kafin a rubuta shawara. Kai ga shi ka samu abokin muhawara a aljihunka. Awon kuwa naka ne, don kai za ka kalli ɗan'uwan nan in kuɗinsa suka maƙale.

Zan iya ce maka abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in rufe magana. Ba zan yi ba, don mu manya ma muna kuskure. Asarar da ta ƙona mu shekara talatin da suka wuce tana nan a ranmu, ribar da tsoro ya hana mu kuwa ba ma tuna ta. Saboda haka maganar mahaifinka ma tana bukatar a buɗe ta. Sai dai tambayar da ka yi masa ba irin wadda ake amsawa ba ce. Mutumin da ya yi shekaru a kasuwa ba ya iya ce maka “dalilina na ɗaya, na biyu”. Ka zauna da shi bayan la'asar ka tambaye shi abin da ido ke gani. Su wa ke zuwa gaishe shi daga kasuwa, me suke cewa? Tirelolin manyan kamfanonin abincin kaji sun fara shiga ƙauye ko ba su fara ba? Manomi yana kawo sabuwa ce ko har yanzu tsohuwa yake fitarwa? Wace shekara ce bana ta tuna masa, kuma me ya faru a waccan? Za ka ga hujja tana nan, ba a taɓa tambayarsa ita ta wannan hanyar ba ne. Abin da ya faɗa ka kai wa na'urar, ka ce ta sake lissafi a kansa.

Sannan ka raba shawarwarin nan biyu, don ba nauyinsu ɗaya ba. Masara kai ba don sayarwa kake tarawa ba, kajinka za su ci ko ta tashi ko ta faɗi. In ka saya ta faɗi, ka yi asarar bambanci ne kawai. In ba ka saya ba ta tashi sosai, kana iya rasa gonar. Kuma ba dole ne ka saya rana ɗaya ba, ana iya saye kashi-kashi ana duba kasuwa. 'Yan tsaki kuwa ranar da suka sauka daga motar Ibadan ka ɗaura aure da su na shekara ɗaya da rabi, babu fasawa. Murar tsuntsaye tun da ta ɓulla ƙasar nan a 2006 take tafiya tana dawowa, Filato kuma ta sha ta. Kafin ka zuba kaza a ɗakin nan, ka tambayi likitan dabbobinka abin da ake gani a samfuran da ake kaiwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 'yan watannin nan. Shawarar da ake iya warwarewa a yi ta da sauri, wadda ba a warwarewa a ja ta.

Maikaji_MistaAli ya rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na zauna da Babanmu kamar yadda ka ce. Da na tambaye shi wace shekara bana ta tuna masa, sai magana ta ɓalle. Ya ce yaransa na da da ke zuwa gaishe shi sun gaya masa har yanzu akwai tsohuwar masara a sito-sito, masu ita suna neman kai da ita kafin sabuwa ta cika kasuwa, kuma manyan masu saye ba su fara rububi ba. A ganinsa farashi bai gama sauka ba, wanda ya saya yanzu ya yi gaggawa. Ashe ba ajiyar yake ƙi ba, lokacin yake ƙi. Game da ɗakin kuwa, dillalin nan mai riƙe da kuɗina yake tunani, don ya san mahaifinsa kuma ya san halin gidan.

Na mayar wa ChatGPT wannan duka, da adadin kiret ɗin da dillalai suka ce za su iya bayan na rage kamar yadda Hajiya ta ce. Da wannan adadin, ƙarin kaji 1,000 ba ya mayar da bashin a lokacin da na yi wa ɗan'uwana alkawari. Don haka ɗakin zai zauna a kulle har in samu mai ɗauka na uku. Masara zan sayi ta wata biyu da kuɗina a makon nan, sauran in raba biyu zuwa Disamba da Janairu, kuma na rubuta farashin da in ta kai shi zan saya gaba ɗaya ba tare da jiran kowa ba. Babanmu ya ga adadin, ya ce in rage kaɗan, na rage.

Saura tambaya ɗaya ga masu ajiya. Buhunan nan masu leda biyu a ciki da ba sa bukatar magani, suna riƙe masara wata biyar a sanyin Jos ba ta yi gumi ba? Kuma a ina ake samun na'urar auna danshi a cikin gari? An ce kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari, ni kuwa har yanzu da haƙori nake gwadawa.